Ɗan takara mai riƙon addini ne, ko so yake ƙasar ta zama ta Kiristoci zalla?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za a bambanta ɗan takarar Amurka mai riƙon addini kawai da wanda ke ganin ƙasar mallakin Kiristoci ce. Yawan ambaton Allah a kan dandamali ba ya nuna komai, kusan duk 'yan siyasarsu suna yi. Ka duba abin da yake so doka ta yi wa wanda ba addininsu ɗaya ba.

Ɗauki Doug Mastriano, tsohon kanar na soja da jam'iyyar Republican ta tsayar takarar gwamnan jihar Pennsylvania a 2022. Ya fito fili ya ce raba coci da gwamnati tatsuniya ce, alhali gyaran farko na kundin tsarin mulkinsu, na 1791, ya hana gwamnati kafa addinin hukuma. Tarukan kamfen ɗinsa kan ɗauki kamar wa'azi, da addu'o'i da waƙoƙin coci, ana nuna zaɓen tamkar yaƙi tsakanin mutanen Allah da maƙiyansa. Ya kuma goyi bayan hana zubar da ciki ko da fyaɗe aka yi. Shi dai ya ƙi amincewa da laƙabin da ake masa na mai ganin ƙasar mallakin Kiristoci ce.

A ganina adawa da zubar da ciki kaɗai ba hujja ba ce, Musulmi da yawa ma haka suke. Abin da ke damuna shi ne idan ɗan takara ya mayar da imaninsa ma'aunin zama cikakken ɗan ƙasa, domin Musulmi da Yahudawan jihar su za su fara ji a jikinsu. Josh Shapiro, Bayahude, ya kayar da shi da tazarar kusan kashi 15 cikin ɗari.