Amsar Baffa kan takardun neman aiki a taron Boston

Ɗana,

Saƙonka ya iso, gwaggonka ma tana gaishe ka. Ka ce a watan Nuwamba za ka je taron ɗaukar ma'aikata na Boston a Amurka, wanda kamfanoni ke zuwa neman masu jin Turanci da Japananci, kana tambaya ko fassara CV ɗinka na Turanci zuwa Japananci ya wadatar. Bai wadatar ba. Takardu biyu za ka shirya, kowacce da al'adar mutanenta. Taron nan tun 1987 ake yinsa, masu duba takardun kuwa idonsu ya goge, kallo ɗaya suke gane wanda ya yi fassarar ganganci.

Ta Turancin ka riga ka iya. Shafi ɗaya, ba hoto, ba shekarun haihuwa, aikinka na baya-bayan nan a sama, ka faɗi bajintarka ba kunya.

Ta Japan, wadda suke kira rirekisho, fom ce mai gurabe, cikewa ake yi, kuma tsari da tsabta ake fara dubawa kafin a kai ga bajinta. A saman dama akwai gurbin hoto, tsawo santimita 4, faɗi 3. Ka ɗauki sabo, da kwat mai duhu da farar riga, kana fuskantar kyamara. Kar ka yanko kanka daga hoton bikin wani, na roƙe ka. Sunanka ka rubuta shi da katakana, wato haruffan Japananci da suke rubuta sunayen baƙi da su, ka tsaya a kan rubutu ɗaya a duk takardunka, jerin sunayen kuma ya dace da na fasfo. Mu nan mutum yau ya sa sunan uba a gaba, gobe ya sa na kaka ko na garinsu, ba mai ce masa kanzil. Can sai a ɗauka mutum biyu ne.

Tarihin karatu da aiki daga na farko ake somawa a gangaro, akasin na Amurka. Shiga sakandare layi guda, gamawa layi guda, jami'a ma haka. Ba sa son giɓi, duk shekarar da ta ɓace za a tambaye ka ina ka shiga. Saboda haka shekarar bautar ƙasa da ka yi ka sa ta, ka bayyana a taƙaice cewa hidima ce ta shekara ɗaya da Najeriya ke ɗora wa waɗanda suka gama jami'a, don Bajapane bai san NYSC ba. Wajen shekaru kuma, suna da lissafinsu na zamanin sarki: Heisei ta fara a 1989, Reiwa a 2019. Ko ka bi nasu ko ka bi na miladiyya, amma kar ka gauraya. Ni dai na miladiyya nake ba ka shawara, ya fi wuyar kuskure. In ka gama jerin, ka rufe da kalmar ijō a gefen dama, alamar ba saura.

Gurbin da zai cinye maka dare shi ne na dalilin neman aikin. Nan kowane kamfani nasa daban. Ka karanta abin da suke yi, ka nuna inda iliminka zai amfane su da abin da kake fatan koya a wajensu. Murya ƙasa-ƙasa, irin yadda za ka yi magana gaban surukai, amma ba ƙasƙantar da kai ba. Sakamakon JLPT ɗinka, wato jarrabawar iya Japananci, ka rubuta matakin da shekarar. In N2 gare ka, N2 za ka ce, don da Japananci za a yi maka tambayoyi, minti biyu sun isa a gane.

Yanzu yawanci da kwamfuta ake cikewa. In wani kamfani ya nemi rubutun hannu, baƙin biro, kuma ba a gogewa, in ka yi kuskure sabuwa za ka ɗauko.

Kar ka jira ranar taro. Kamfanoni na buɗe karɓar takardu ta intanet makonni kafin nan, ganawa da yawa tun kafin a hallara ake tsara su. Ka tura da wuri, ka kuma buga kwafi da dama na takardun biyu ka riƙe a jaka, saboda rumfunan da za ka shiga ba alƙawari. Wasu kan gayyaci wanda ya burge su cin abincin dare. Ka je, in an kawo giya ka nemi shayi ko lemo cikin ladabi, ba wanda zai tsare ka.

Kafin ka tura ko ɗaya, ka kai wa malamarka ta Japananci ta duba maka kalaman girmamawa, sannan ka turo mini ta Turancin in gani.

Baffanka