Ga uwar da ɗiyarta ta kafe sai ta shiga fim

Hajiya, sannu da haƙuri, Allah ya shirya mana zuri'a. Na karanta tambayarki: ɗiyarki ta ƙare sakandare, ta kafe sai ta tafi Kano ta zama jaruma, mahaifinta ya ce sai dai bayan ransa, ke kuma kina tsakiya, kina son sanin yadda rayuwar 'yar fim take kafin ki san ta inda za ki ɓullo mata. Na ga masu cewa a ɗaura mata aure, da masu cewa a kai ta a yi mata ruƙiyya. Batun halacci da haramci na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Cikin sana'ar na sani, don na ci abinci da ita. Da wasan kwaikwayo na rediyo na fara nan Sakkwato, daga baya na bi wata ƙungiya zuwa Kano zamanin kaset. Na fito a ƙawar amarya, na fito a 'yar aiki, sannan na koma ɓangaren sutura da kwalliya, inda na fi daɗewa. Mai kwalliya kuwa babu abin da ba ta ji, don a gabanta jaruma ke zama kafin ta ɗora fuskar da duniya ta sani.

Mutane da sun ji 'yar fim, rawa da waƙa ke faɗo musu a rai. Ni ba nan tsorona yake ba. Tsorona kuɗi ne. Fim ba zai ciyar da ɗiyarki ba a shekarunta na farko, kuma duk wanda ke biya mata kuɗin ɗaki a Kano shi ke da iko da ita.

Sabuwar fuska ba ta ciniki. Abin da aka miƙo mata shi ne hakkinta, wata rana kuɗin mota, wata rana "an gode, za mu neme ki". Rubutacciyar yarjejeniya sai manyan kamfanoni, su ma ba da kowa ba. In kina ganin ƙari nake yi, ki tuna hayaniyar da aka yi a 2022 lokacin da Ladin Cima, dattijuwar da ta tsufa a harkar, ta faɗa wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai ake sallamarta da su. Wasu furodusoshi sun fito sun musanta, sun ce sun biya ta fiye da haka, aka yi ta cacar baki. Ko wa ke da gaskiya, mu da muka zauna ciki ba mu ji wani sabon labari ba. In wadda kowa ya sani tana wannan kuka, ina ga yarinyar da ta sauka tasha jiya?

Kasuwar ma ba irin wadda na tarar ba ce. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 har zuwa zamanin da fim ɗin Sangaya ya tashi kan mutane, kaset ake bugawa, daga baya faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su saya su rarraba har nan Sakkwato, har Birnin Ƙonni da Maraɗi. Kuɗi na juyawa, ana yin fim kusan kullum, ƙaramar 'yar wasa ma tana samun na sabulu saboda yawan aikin. Sai masu satar fasaha da masu tura fim a waya suka karya wannan kasuwa, fassarar fina-finan Indiya ta zo ta ƙarasa ta. Yanzu abin ya koma fim mai dogon zango, a tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ko a YouTube, irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So. A nan mai tasha ne ke ci gaba da karɓar kuɗi duk lokacin da aka kalla. 'Yar wasa sau ɗaya ake biyanta, ko da mutum miliyan ya ga hawayenta.

Tau ga shiga kaɗan, ga fita da yawa. Abin da iyaye ba su sani ba, a yawancin ayyuka 'yar wasa ce ke zuwa da kayan sawarta. Darakta zai ce mata ɗiyar attajiri za ki fito, sin, wato fitowa, goma sha biyu, ki zo da kaya kala goma sha biyu. Leshi, atamfa, abaya, mayafi da takalmi da jakar da suka dace da kowanne. Wanda ta sa a wancan fim ba ta isa ta maimaita ba, 'yan kallo sun fi mai kula da kwantiniti, wato daidaiton kaya daga fitowa zuwa fitowa, ido, gobe za ta ga an haɗa hotunan biyu ana yi mata dariya a Facebook. Ga babbar waya, ga data, ga man shafawa, ga haya, ga kuɗin adaidaita. Tsakanin abin da take samu da abin da ake son a gan ta da shi akwai rami mai zurfi, kuma kullum akwai mai jiran ya cike mata shi. Wani furodusa ne, wani ɗan siyasa, wani Alhajin da bai taɓa leƙa lokeshan, wurin ɗaukar fim, ba amma yana da lambar kowa.

Bari in nuna miki yini ɗaya. An ari gidan wani mai hali a Nasarawa, an ce kowa ya iso ƙarfe takwas. Sabuwar yarinya tun bakwai da rabi tana nan da akwatinta. Babbar jaruma ba ta iso ba sai bayan azahar, kuma da ita za a fara don tana da wani aikin da yamma. Yarinya na zaune kan akwati a ƙarƙashin matakala, ba ta jingina ba don kada ɗaurin kallabi ya lalace, hodar da na shafa mata da safe ta narke, na sake, ta sake narkewa. An raba shinkafa da wake a leda, ta ci rabi a tsorace kada mai ya ɗiga a kayan da ta aro. Janareta ya mutu, an tafi neman mai. Sai bayan isha'i aka kira ta. Maganarta layi biyu ce: ta shigo da tire, ta ce Hajiya na kira. Aka ɗauka sau shida don muryarta na rawa. Ƙarfe goma sha ɗaya aka tashi, kowa ya shiga motarsa, ita tana tsaye bakin get da akwati, unguwar ba adaidaita. A daidai nan ne wani zai sauke gilashi ya ce ta shigo ya rage mata hanya. Yawancin labaran da kike ji marasa daɗi daga irin wannan bakin get suka faro, ba daga gaban kyamara ba.

Na kuma ga akasin haka. Akwai wata da yayanta ke kawo ta a babur, ya nemi inuwa ya zauna tare da masu haɗa fitila har a tashi. Da farko ana yi masa tsiya, ana kiransa ɗan sanda. Amma ban taɓa jin wanda ya gaya wa yarinyar nan maganar banza ba, kuma sallamarta ba ta kwana, don an san akwai mai tambaya. Ba ta fi sauran kyau ba, ba ta fi su iya wasa ba. Gata ta fi su.

Taurarin da ɗiyarki ke kallo a Instagram, ki gaya mata ba kuɗin sin ne ya saya musu mota ba. Suna ne jarinsu: tallar kamfanoni, jakadancin kaya, shagunan sutura da turare da kayan kwalliya, lokacin siyasa kuma a yi kaka. Masu wayo cikinsu sun koma mallakar abin da kansu. Rahama Sadau ta shiga a 2013, zuwa 2017 ta shirya nata fim, Rariya, ta kuma je Cyprus ta yi digiri. Hadiza Gabon ta buɗe shirinta na hira a YouTube. Nafisa Abdullahi ta ajiye Labarina a 2022 yana tsakiyar tashe, abin da mai jiran kuɗin sin ba za ta taɓa iyawa ba. Kuma a bayan kowace ɗaya daga cikinsu akwai tarin 'yan mata da suka zo a mota ɗaya, ba wanda ya riƙe sunansu.

Sai maganar suna, wadda ta fi shafarmu mu Sakkwatawa. Kano gari ne mai haɗiye baƙo. Nan kuwa kafin a tambayi sunan yarinya an tambayi ɗiyar gidan wa ce. Ranar da ta fito a waƙa, daga Mabera har Runjin Sambo an san jikar wane ce, kuma ƙannenta mata za su ji a jikinsu ranar da aka zo bincike na aure. Ban ce daidai ne ba, na ce haka yake. A cikin masana'antar ma in abu ya ɓaci kan mace yake faɗawa. A 2007 bidiyon sirri na wata jaruma da wani namiji ya fita, macen ce ta ɓuya, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni, mu masu ƙananan ayyuka muka zauna ba ko sisi. A 2016 MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, ta kori Rahama Sadau saboda fitowa a bidiyon waƙar wani mawaƙi, ClassiQ. Ita tana da ƙofofi a Legas da waje, ta ci gaba da harkarta har aka yafe mata. Yarinyar da ba ta da kowa, kora ɗaya ta gama da ita. Yanzu ga TikTok, kuskuren daƙiƙa goma ya isa.

Aure kuma, a al'adar harkar, shi ke rufe littafin jaruma. Namiji yana da mata da 'ya'ya yana fitowa saurayi har furfura ta fara, ita kuwa ranar da aka shafa fatiha an gama. Da yawa mazan da ke rububinsu hoton suke so, in an kai ta gida aka ga mutum ce mai ciwon kai da fushi kamar kowa sai zama ya gagara, ta dawo ta tarar an yi sabbin fuskoki. Waɗanda na ga sun daɗe su ne masu fitowa iyaye, irin marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, da ta rasu a Afrilun 2024 tana kan aikinta, da Hadizan Saima. Su ba kyau aka ɗauke su don shi ba, iyawa ce, ita kuwa ba ta tsufa.

Wani ƙaramin abu da ba a faɗa: harshe. Fim da Kananci ake yin sa. Da na buɗe baki a gwajin farko dariya aka yi, kuma mai Sakkwatanci sau da yawa ɓangaren barkwanci ko na baƙauya ake tura ta. Sai ta koyi sauya harshe kafin a ba ta babban matsayi. Abin na ba ni haushi har gobe, garin Shehu guda, amma haka kasuwar take.

In ni ce ke, ba zan ce mata a'a ba, ba zan ce i ba. Zan fara gano wanne take so, wasan ko a san ta, don ba ɗaya ba ne. Ki ba ta shafi uku na kowane labari ta haddace, ta yi miki a tsakar gida da rana tsaka, ki ce ta sake, ta sake, har sau goma. Mai son suna a na huɗu za ta ce kanta na ciwo. Wadda abin ke jininta za ki ga tana canza yadda take faɗa ba tare da kin ce ba. In ta biyun ce, ba dole sai Kano yau ba. Akwai masu wasan kwaikwayo nan garin, a gidajen rediyo da talabijin da manyan makarantu, ta fara inda za ta kwana ɗakinki. Ta ci gaba da karatu: ABU Zariya na da sashen wasan kwaikwayo, Jos na da makarantar koyon fim ta ƙasa, ƙarƙashin hukumar da aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a 2024. Ta kuma san ba gaban kyamara kaɗai ake cin abinci ba. Fauziyya D. Sulaiman da alƙalami ta yi suna. Masu rubutu da masu tace hoto da masu sutura aure bai raba su da aikinsu, ni da ɗinkin da na koya a can nake riƙe da gidana yau.

In ta kai ga tafiya, ta tafi da sana'a a hannu, ta sauka gidan dangi, namiji daga gidanku ya kai ta ya ga ofishin da idonsa. Ta yi rijista da ƙungiya da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda ke aiki tun 2001. A lokacinmu sai waliyyi ya sa hannu, kuma kamfanin da bai nemi ganin waliyyi ba ni ban yarda da shi ba. Ki duba wayarta da kyau a kan masu buɗe shafi da sunan manyan jarumai suna cewa a turo kuɗin fom ko hotuna ta WhatsApp. Ba a shiga fim ta haka, damfara ce, wata ma ta fi damfara muni.

Abin da nake roƙonki kada a yi shi ne a ƙwace waya a kulle ƙofa a ce an gama magana. Yawancin waɗanda na gani a ɗakin haya su biyar kan katifa biyu, da haka labarinsu ya fara: an rantse a gida, sun sayar da ɗan kunne, sun shiga motar asuba. Kin kuma san halin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa take ciki yanzu. Maigidan naki kada ki tunkare shi ke kaɗai, zai ga kamar kin goya mata baya. Ki samu yayarsa ko wani kawunsa da yake jin nauyi, a zauna a sa mata sharaɗi: karatu tukuna, wasa a nan gida, maganar Kano sai ta kawo takardar shaida. In kina so ki yi mini magana ta gefe, ki turo ta shagona wata Asabar ta taya ni aiki, in ji ta bakinta.