Shan Mai a Motocin A-kori-kura: Samfurin Daji da Na Gama-gari

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata haƙar rijiyoyin burtsatse ce, kuma aiki yana kai ni ƙauyukan Jigawa da Yobe inda yashi ya fi kwalta yawa. Ina shirin sayen Toyota Hilux, sai dillali ya nuna mini guda biyu: ta gama-gari, da samfurin GR Sport wanda ya fi tsayi da ado. Ya ce shan mansu ɗaya ne tunda duk Hilux ce. Shin haka ne?
Mai karatu daga Haɗeja

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar dillalin ba ta cika ba, domin sunan da aka liƙa a bayan mota ba shi ne yake shan mai ba. Abin da ya kamata ka fara tambaya shi ne injin da ke cikin kowace ɗaya. Ana ƙera Hilux da injin fetur mai lita 2.7, da injunan dizal masu lita 2.4 da 2.8, sannan waɗanda ake shigo da su daga ƙasashen Larabawa wasu suna ɗauke da injin fetur V6 mai lita 4.0. Tazarar da ke tsakanin dizal 2.4 da fetur 4.0 ta fi duk wani bambanci da taya ko tsayi za su kawo, saboda litar dizal ta fi ta fetur ƙunsar makamashi, injinsa kuma ya fi tattalin abin da aka ba shi. Kada ka dogara da takardar talla. Ka sa a buɗe murfin inji, bakanikenka ya duba da idonsa.

Idan injin iri ɗaya ne, samfurin daji, wato irin GR Sport, zai fi shan mai, kuma dalilan a fili suke. Taya mai manyan haƙora ta fi nauyi, ta kuma fi wahalar mirginawa a kan kwalta. Motar da aka ɗaga tana karo da iska fiye da wadda ke kusa da ƙasa, abin da direba ba zai lura da shi a cikin gari ba sai ya hau babbar hanya ya taka wuta. Ƙarfen kare gaba, da farantan kare ƙasan inji, da ma'ajin kaya na saman rufi duk nauyi ne da injin zai riƙa ja ko akwai aiki ko babu.

Misali mafi bayyana ya zo daga Amurka, inda Hukumar Kare Muhalli take tantance alƙaluman shan mai. Ford F-150 Raptor mai taya inci 35 tana yin mil 16 a galan ɗaya, wato kimanin kilomita 6.8 a lita. Idan aka sa mata taya inci 37, da injin nan dai, sai ta sauko mil 15. Raptor R kuwa, mai injin V8 lita 5.2, mil 12 kacal take yi, kusan kilomita 5 a lita. Taya ta ci mil ɗaya, inji ya ci uku.

Akwai kuma wani lissafi da masu saye suke mantawa da shi, musamman tun da aka janye tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023. Abin dubawa shi ne naira nawa kilomita ɗaya take ci, ba yawan lita ba. A ɗauka, don misali kawai, mai fetur tana yin kilomita 8 a lita, mai dizal kuma 11: to, mai dizal ce ke da araha muddin farashin dizal bai ɗara na fetur da fiye da kashi 37 cikin ɗari ba. Sai dai injunan dizal na zamani ba sa jure gurɓataccen mai, kuma wanda zai riƙa sayen mai a jarka a ƙauye ya kamata ya sa kuɗin gyara cikin lissafinsa.

Kafin ka biya kuɗi, nemi a ba ka damar gwaji. Cika tanki, ka rubuta lambar da mitar ƙirga kilomita ta motar ta nuna, ka yi tafiya, ka koma famfon nan ka sake cikawa, sannan ka raba kilomitocin da yawan litar da ta shiga. Ka lura cewa idan an sauya taya daga mai lamba 265/65R17 zuwa mai lamba 285/70R17 wadda ta fi ta girma, mitar za ta ƙirga ƙasa da ainihin tafiyar da kusan kashi 7 cikin ɗari, don haka motar za ta yi kamar ta fi shan mai fiye da yadda take.

A ganina, aiki irin naka ba ya buƙatar GR Sport. Hilux ta gama-gari mai jan ƙafa huɗu, da taya mai matsakaitan haƙora, za ta ratsa yashin Yobe idan ka rage iskar taya ka sa 4H (jan ƙafa huɗu), ko 4L (jan ƙafa huɗu da ƙaramin giya mai ƙarfi) inda ya yi zurfi. Da zarar ka hau kwalta, sai ka mayar da ita 2H (jan ƙafa biyu), ka kuma ƙara iskar a wurin mai faci na farko da ka tarar.