Asid a jini da raguwar filatilet: shin ɗaya ne ke jawo ɗaya?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Maigidana yana kwance a ɗakin kulawa ta musamman a wani asibiti a nan Jos, bayan an yi masa tiyatar hanjin da taifod ta huda. An ce asid ya yi yawa a jininsa, kuma filatilet ɗinsa sun sauko daga 180,000 zuwa 62,000. Asid ɗin ne ke cinye su? Kuma me ya hana a ƙara masa su? Daga wata baiwar Allah, Jos.

Amsa: Sannu da jinya, Malama. Allah Ya tashi kafaɗunsa.

A mafi yawan marasa lafiya irin maigidanki, ba asid ne ke cinye filatilet, wato ƙwayoyin da ke taimakawa wajen tsayar da zubar jini, ba. Su biyun kamar hayaƙi ne da toka, wuta guda ta haife su. Wutar a nan ita ce ƙwayoyin cutar da suka zubo daga hanji suka shiga jini.

Idan haka ta faru, jijiyoyin jini sukan saki, matsin jini (BP) ya faɗi, iskar oksijin ta daina isa ga tsoka da hanta da ƙoda yadda ya kamata. Sai jiki ya koma samar da ƙarfi ta hanyar da ke tara sinadarin laktet, wanda ke tafe da asid. Ƙoda kuma, wadda aikinta ne fitar da asid ta fitsari, ta raunana. Ma'aunin pH, wato ma'aunin asid a jini, na mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, da ya sauka ƙasa da haka sai mu ce asid ya yi yawa. Shi ya sa za ki ga mara lafiya yana jan numfashi mai zurfi, da sauri, kamar wanda ya sha gudu. Huhu ne ke ƙoƙarin rage asid ɗin.

Filatilet kuwa ƙananan ƙwayoyi ne da ɓargo ke yi don toshe inda jini ke zuba. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita (wani ɗan mitsitsin ma'auni na jini), kuma kowace ɗaya kwana bakwai zuwa goma take yi. Cutar da ta shiga jini tana kurje bangon jijiyoyi ta ciki, sai filatilet su yi ta mannewa suna yin ƙananan gudaji a ko'ina, har a cinye su fiye da yadda ɓargo zai iya mayarwa. Abin da ke damuna a nan shi ne, gudajin nan suna toshe ƙananan jijiyoyi, oksijin ya ƙara yankewa, asid ya ƙara hawa. Haka muke gani a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da masu jego da suka zubar da jini sosai.

Duk da haka asid ba ya rasa nasa laifin. Idan pH ya gangara ƙasa da 7.2, sinadaran daskarar da jini sukan yi sanyi, filatilet ɗin da suka rage ma ba sa kamawa da kyau. In jikin mutum ya yi sanyi a kan haka, abin ya ƙara muni, don haka bargon da nas ke lulluɓa masa, musamman a sanyin Jos, yana cikin magani.

Batun ƙari kuma, ba a saba ƙara filatilet ga wanda ba ya zubar da jini sai sun sauka wajen 10,000. In yana zubarwa, ko za a sake shiga da shi tiyata, akan so su kai 50,000. A 62,000, in babu zubar jini, likitocinsa suna kan hanya. Ko an ƙara ma, muddin cutar na ci, sababbin za su bi sahun na farko. Haka ruwan baikabonet da ake ƙarawa don rage asid: yana iya gyara lambar da ke kan takarda, kuma yana da amfani in asid ya tsananta ko ƙoda ta gaza, amma bai kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Abin da ke juya lamarin shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya dace, ƙarin ruwa, ɗaga matsin jini, da tabbatar da cewa ba mugunya da ta taru a ciki.

Ki tambayi likitocinsa ko laktet na sauka daga jiya zuwa yau, da yawan fitsarin da yake yi, domin yadda lambobin ke tafiya ya fi mana lamba ɗaya muhimmanci. Ki kuma tambaya ko an duba magungunansa. Allurar hefarin, mai hana jini daskarewa, tana iya rage filatilet, galibi bayan kwana biyar zuwa goma da fara ta, maganin kashe ƙwayoyin cuta na linezolid kuma yana iya jawo matsalolin biyu a tare. In kin ga jini a dasashinsa, ko a wurin da aka sa masa allurar ruwa, ko jajayen ɗigo a fata, ko baƙin bayan gida, ki faɗa wa nas nan take, kada ki jira zagayen safe. Kuma don Allah kada a ba shi asfirin ko wani jiƙo daga gida ba da sanin likita ba.