Hedimasta ya ce malamansa ba za su iya da 'yata ba

Tambaya: Malama, 'yata shekararta 8. Ƙafarta ta dama ta shanye tun wata allura da aka yi mata a kemis, yanzu da sanda take tafiya. Na kai ta firamaren unguwarmu, hedimasta ya ce malamansa ba su da horon koyar da irinta, in kai ta makarantar nakasassu. Kullum da safe tana bakin zaure tana kallon yara suna wucewa. Ya zan yi? Daga wata uwa a Kurna.

Amsa: Allah ya ƙara mata lafiya, 'yar'uwa. Ki mayar da ita makarantar nan.

Wane horo ake nema? Yarinya tana gani, tana ji, hannunta yana riƙe fensir. Allurar da mai kemis ya soka ba bisa ƙa'ida ba, jijiyar da ta sauko daga ɗuwawu zuwa ƙafa ta taɓa, a nan ɓarnar ta tsaya. Ko shan inna ma jijiyoyin motsi yake kamawa, ba ruwansa da fahimta. Amma wallahi na gaji da jin malamai, har masu digiri, suna cewa gurgu ba ya ɗaukar karatu, kamar a ƙafa ƙwaƙwalwa take. Na taɓa shiga wani aji na tarar an zaunar da yaro a bayan ƙofa, gefen tsintsiya, zango guda ba a sa jan biro a littafinsa ba. Na ba shi lissafi, nan take ya warware. Malamar ta ce ai tausayinsa take ji, ba ta son takura shi. Irin wannan tausayin ne yake kai yara bara a danja, kuma malami ya sani Allah zai tambaye shi amanar yaron nan.

Makarantar nakasassu ta Tudun Maliki a Kano da ake tura kowa, ƙarfinta kurame ne da makafi, masu buƙatar maganar hannu da rubutun makafi. 'Yarki aji a ƙasa take buƙata, da benci kusa da ƙofa, da banɗakin da za ta iya shiga.

Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu. In hedimasta ya dage, ki kai koke a rubuce ga sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku, in ba a ji ba sai SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Ƙafar kuwa, ki kai ta Asibitin Ƙashi na Dala su duba ko takalmin ƙarfe zai taimaka, kada ki biye wa masu cewa iska ce.