Jami'ar gwamnati a Amurka ta ce ba a ƙararta: gaskiya ne?

Malam, ka ce jami'ar jiha ta kore ka daga aiki saboda nakasa, lauyoyinta kuma suna cewa tana da kariya. Suna da hujja, amma ƙofa ba ta rufe ba. Gyara na 11 na tsarin mulkin Amurka yana kare jihohi, har da yawancin jami'o'insu, daga ƙarar neman diyya a kotun tarayya, kuma hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Garrett ta 2001 ya tabbatar da hakan kan ADA, dokar da ta hana nuna wa masu nakasa wariya.

Sai dai jami'ar da ke karɓar kuɗin tarayya tana rasa wannan kariya idan aka kai ƙararta ƙarƙashin sashe na 504 na dokar Rehabilitation Act ta 1973, wata dokar da ke kare masu nakasa. Haka kuma, bisa hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Young ta 1908, ana iya ƙarar shugabanta domin a mayar da kai aiki.

Jinkiri ne ya fi cutar da mutane: wa'adin kai koke EEOC, hukumar tarayya mai sauraron koke kan wariya a wurin aiki, kwana 180 ne, a wasu jihohi kuma 300. Don Allah ka ga lauyan ƙwadago na jiharka cikin makon nan.