Alhaji, ba sabuwar waya kake buƙata ba

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Makonni biyu da suka wuce na wayi gari an kwashe kusan naira miliyan biyu daga asusuna cikin dare. Wayar da ake karɓar kuɗi da ita tana hannun ɗan yayata da ke zama min a shago, shi ya san lambar sirri, don ni ban iya latse-latsen nan ba. Ya rantse bai taɓa ko sisi ba, sai dai ya ce ranar da yamma wani ya kira daga banki kan gyaran BVN, ya karanta masa wasu lambobi da suka shigo. Wace waya zan saya wadda ba a iya yi wa kutse? In sauya banki? Sannan wani abokina ya nuna min manhajar da ke ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ina so in saka dubu ɗari biyar ko na mayar da asarata.

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Jaje ka sha shi a kasuwa, don haka ni zan faɗa maka abin da masu jajen suka ji nauyin faɗa.

Ba wanda ya yi wa wayarka kutse. Kira aka yi, aka nemi lambar cikin ladabi, yaronka ya karanta. Lambobin nan da ake kira OTP, banki ne ke turo su don ya tabbatar mai layin ne da kansa ke son shiga asusun ko fitar da kuɗi. Mai kiran ya riga ya tattara sunanka da lambar wayarka da wasu bayananka, abu ɗaya ya rage masa, kuma a shagonka aka ba shi. Ko wayar miliyan biyu ka saya, muddin wanda ke riƙe da ita zai karanta wa baƙo abin da ya shigo, ba ka yi komai ba. A 2020 an ƙwace shafukan Obama da Bill Gates da Elon Musk a Twitter, kuma ta wayar tarho aka yaudari ma'aikatan kamfanin. Kayan aiki ba su yi musu ƙaranci ba.

Kuskurenka ɗaya ne. Ka zuba jarinka kaf a asusu ɗaya, ka ɗaure shi da layi ɗaya, ka danƙa wa yaron da aikinsa bai wuce ya ga kuɗi sun shigo ya miƙa kaya ba. Na san ba ka taɓa haɗa mabuɗin shago da na sito da na ɗakinka a zobe ɗaya ka ba yaro ya kwana da su ba. To me ya sa ka yi haka da kuɗin da suka fi kayan siton daraja?

Ban ce ɗan yayarka ɓarawo ne ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, kuma hakan bai rage laifinka ba, domin riƙon amana daban, sanin makircin 'yan damfara daban. Ga kuma abin da ya fi ciwo: da bare ne, da tuni ka zaunar da shi ka bi diddigi. Wannan kuwa kana matsa masa yayarka za ta iso gida da kuka, dangi su ce ka fifita kuɗi a kan zumunci. Ka ɗora dukiyarka a hannun mutumin da ba ka da ikon tuhuma.

Batun "ban iya latse-latse ba" kuma, ka ajiye shi. Kai da ke lissafin dila-dila a ka, ka san ribar kowane turmi, ka san farashin dala safe da yamma, lambobi huɗu ne za su gagare ka? Ƙyuya ce, kuma ka ga abin da ta ci.

Masana tsaron kwamfuta suna da ƙa'idar da manyan kamfanoni ke biyan kuɗi a koya musu: kowa a ba shi iya ikon da aikinsa ke buƙata, kada a ƙara. A shagonka ma'anarta asusu biyu. Na farko na karɓar ciniki, da POS, wanda lambarsa ke manne a bango. Yaro ya ga shigar kuɗi, amma lambar fitarwa tana kanka. Kullum kafin a rufe shago ka kwashe abin da ya taru zuwa na biyu, ka bar dubu hamsin ko ɗari na hidima. Na biyun a kan wani layi daban, cikin ƙaramar waya da ke zama a gida, layin da ba ya kan allon shago, ba ya kan WhatsApp, ba ka bai wa kowa shi ba. Ka je banki ka rage iyakar abin da za a iya fitarwa a rana. Ranar da za ka biya dila sai ka ɗaga, ka gama ka mayar. Da haka kake, da asararka ba ta wuce cinikin yini ɗaya ba.

Shi kansa sim ɗin ka sa masa lambar kullewa. Mutane suna kulle fuskar waya su manta da shi, alhali sim ɗin ɓarawo yake nema. Na san wani mai hatsi a Dawanau da aka zare wa waya a adaidaita ranar Juma'a. Ya yi ta jimamin wayar, ya ce sai Litinin zai je a yi masa welkam bak, wato a dawo masa da layinsa a sabon sim. Su kuwa cire sim ɗin suka yi suka sa a wata waya. Danna *565*0# kaɗai ya isa ya nuna musu BVN ɗinsa, duk OTP kuma hannunsu yake faɗawa, lambar sirrinsa kuwa shekarar haihuwarsa ce. Kafin Litinin an gama da shi, har bashi aka ci da sunansa a manhajojin ba da rance. Sim mai kulle, ana sa shi a wata waya zai nemi lamba, a yi kuskure sau uku ya rufe. Sannan ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe asusu daga wayar kowa, ka rubuta a takarda ka sa a aljihu. Ajiye ta cikin wayar da za a sace ba shi da amfani.

WhatsApp ɗin da kake tura wa 'yan sari hotunan kaya shi ma dukiya ne. Wata hajiya mai kayan kicin an kira ta aka ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, ta turo lambobi shida da suka shigo mata. Tana turawa aka fitar da ita, aka bi masu sayen kayanta ɗaya bayan ɗaya da sabuwar lambar asusu. Kuɗin mutane ne suka tafi, amma ita ta biya, don sunanta ne a kai. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin sa lambar sirri ta biyu. Minti biyu ne, ka sa yau.

Yanzu ka je banki ka karɓi bayanin shige da ficen asusunka na wata shida, ka zauna da littafin shago ka gwada. Ina zargin rabonka da yin haka an daɗe, in ma akwai littafin. Kada ka yi mamaki in ka ga ƙananan fita da ba ka san da su ba, ko cinikin da aka rubuta an biya alhali alat ɗin bogi aka nuna wa yaro. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da kowa ya koma tiransifa, wannan ya zama ruwan dare. Kaya ba sa fita sai an ga kuɗin a cikin asusu, hoton risit a wayar mai saye ba biya ba ne.

Sauya banki ba zai amfane ka ba in da halinka za ka koma can. Ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar shaida, ka kai rahoto wurin 'yan sanda. In banki ya yi mako biyu bai warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, CBN. Amma kada ka sa rai sosai. Irin waɗannan kuɗi cikin mintuna ake rarraba su zuwa asusu daban-daban, kuma banki zai ce daga wajenka lambar ta fita. Inshorar NDIC kuma ta rushewar banki ce, ba ta biyan wanda aka damfara. Duk wanda ya kira ka ya ce zai dawo maka da kuɗin in ka biya wani abu, kashe wayarka, zagaye na biyu ne.

Sai manhajar abokinka. Alhaji, haba! Ɗauki biro. Dubu ɗari biyar in tana ninkawa duk wata, a shekara ɗaya ta haura naira biliyan biyu. Mai irin wannan sirri me zai yi da kuɗinka? MMM, wata harkar ninka kuɗi irin wannan, ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016. CBEX, wadda ita ma ninki cikin kwana talatin ta yi alkawari, ta rufta a Afrilun 2025. Abokinka in ya ci wani abu, kuɗin waɗanda suka shigo bayansa aka ba shi, kuma yana da kamasho a kanka ko bai faɗa ba. Wajen rajista kuma za su nemi BVN da NIN da hotonka, ka sake miƙa abin da aka cuce ka da shi, wannan karon da hannunka.

Yaron ka bar shi a shago, ka karɓe wayar, ka gaya masa duk wanda ya kira da sunan banki ya ce masa mai gida zai zo reshe da kansa. Dubu ɗari biyar ɗin kuma ka ƙaro shadda da su.